Shannon Lucid: Masaniyar Sinadaran Jiki da Ta Yi Kwana 188 a Tashar Mir

A duk lokacin da aka ambaci ɗan sama jannati a aji, abin da yakan fara faɗo wa ɗalibai a rai shi ne soja ƙaƙƙarfa, matuƙin jirgin yaƙi, wanda ba ya gudun mutuwa. Da gaskiyarsu, domin da haka aka soma. Yuri Gagarin, wanda Tarayyar Sobiyet ta harba a shekarar 1961, sojan sama ne. Haka nan mutum bakwai ɗin da Amurka ta fara zaɓa a 1959, dukkansu sojoji ne masu gwajin sababbin jiragen sama. A wancan zamani tambayar guda ɗaya ce: shin mutum zai iya zuwa can ya komo da ransa? Da aka sami amsarta, sai wata ta taso wadda ta fi ta wuya, watau mene ne ke faruwa ga jini da ƙashi da ƙwai da tsiro idan sun daɗe a inda babu nauyi? Wannan kuwa tambayar masu ilimin halittu ce, ba a amsa ta da jaruntaka, sai da gwaji da awo da haƙuri. A cikin waɗanda suka ba da gudummawa wajen amsa ta akwai wata mace Ba'amurkiya, Dakta Shannon Lucid, wadda ta haɗa ilimin sinadaran jikin halitta da tuƙin jirgin sama tun kafin Amurka ta buɗe wa mata ƙofar sararin samaniya.

Daga Shanghai zuwa Oklahoma

An haifi Shannon Wells a birnin Shanghai na ƙasar Sin ran 14 ga Janairu, 1943. Iyayenta Amurkawa ne 'yan mishan. A lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, birnin kuma yana hannun sojojin Japan. Tana jaririya aka tsare ta tare da iyayenta a sansanin da ake tara 'yan ƙasashen abokan gaba, kafin daga bisani a sake su cikin musayar fursunoni a wannan shekara, su tafi Amurka a jirgin ruwa. Da yaƙi ya ƙare suka koma Sin, amma zaman bai ɗore ba. Bayan 'yan Kwaminis sun karɓi mulki a 1949 sai iyalin suka bar ƙasar, suka yada zango a wani ƙaramin gari mai suna Bethany a Jihar Oklahoma. A nan ta girma, ta gama sakandare a 1960.

Sha'awar jirgin sama ta kama ta tun tana ƙarama. Ba ta daɗe da barin sakandare ba ta sami lasin tuƙi, ta sayi wani tsohon ƙaramin jirgi, takan ɗauki mahaifinta a ciki zuwa garuruwan da yake wa'azi. Daga baya ta ƙara samun izinin tuƙin jirgin haya, da na jirgi mai inji fiye da ɗaya, da kuma na tuƙi da na'urori kaɗai, watau irin tuƙin da ake yi cikin gajimare ko duhu, inda matuƙi ba ya ganin ƙasa, sai abin da allon gabansa ya gaya masa. Duk da haka ba ta sami aikin tuƙi ba, domin kamfanonin jiragen sama na Amurka a shekarun 1960 ba sa ɗaukar mata a wannan aiki. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ita ma maza kaɗai take ɗauka. Sai ta mayar da hankali ga karatu.

Ta yi digirinta na farko a fannin ilimin sinadarai a Jami'ar Oklahoma a 1963. Ta yi 'yan shekaru tana aiki a ɗakunan bincike, ta yi aure, sa'an nan ta koma jami'ar ta sami digiri na biyu a 1970, da na uku a 1973, dukkansu a ilimin sinadaran jikin halitta. Binciken da ta yi na digirin dakta a kan abin da mai karatu ya sani ne sarai: dafin ƙwayar cutar kwalara, wadda muke kira amai da gudawa. Ita wannan ƙwayar cuta ba ta huda hanji. Tana maƙalewa ne a jikin bangonsa, ta saki wani dafi wanda yake shiga ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin hanjin, ya buɗe wata ƙofa da gishiri ke fita ta cikinta, ya hana ta rufewa. Inda gishiri ya bi kuwa nan ruwa ke bi. Shi ya sa mai kwalara yakan tsiyaye cikin 'yan sa'o'i. Akwai wata ƙofar dabam wadda take shigar da gishiri tare da sukari, dafin bai taɓa ta ba, kuma ita ce asirin ruwan gishiri da sukari da ake bai wa majiyyaci. Lucid ta yi nazarin yadda dafin ke sauya aikin sinadaran da ke cikin waɗannan ƙwayoyin halitta na hanji. Aiki ne na awo da maimaitawa, irin wanda ba a buga shi a jarida, amma shi ya horar da hannunta.

Ƙofa ta buɗe

A tsakiyar shekarun 1970 Amurka tana ƙera wani sabon kumbo wanda zai tashi kamar roka, ya sauko kamar jirgin sama, a sake amfani da shi. Wannan kumbo yana ɗaukar mutum bakwai, biyu ne kawai matuƙa, sauran masu aikin kimiyya da injiniya ne. Saboda haka NASA ta yi shelar neman masana, maza da mata. Mutum fiye da 8,000 suka nema, aka ɗauki 35 a Janairun 1978. Shida daga cikinsu mata ne: Sally Ride, Judith Resnik, Kathryn Sullivan, Anna Fisher, Rhea Seddon da Shannon Lucid. Ita ce babbarsu a shekaru, ita kaɗai ce kuma mai 'ya'ya a lokacin, tana da uku.

Tafiyarta ta farko ta kasance a Yunin 1985 cikin kumbo Discovery. A wannan tafiya ce Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya zama Balarabe kuma Musulmi na farko da ya je sararin samaniya, aka kuma saki taurarin ɗan Adam na sadarwa, har da na ƙasashen Larabawa mai suna Arabsat. A Oktoban 1989, cikin kumbo Atlantis, ta yi aikin sakin na'urar Galileo, wadda ta yi tafiyar shekara shida kafin ta isa duniyar Mushtari a Disambar 1995. Ta sake tafiya a Agustan 1991. Tafiya ta huɗu, a ƙarshen 1993 cikin kumbo Columbia, ita ce ta fi shafar fanninmu. Kwana 14 aka yi, an mayar da cikin kumbon ɗakin binciken ilimin halittu, an tafi da ɓeraye 48, su kansu 'yan sama jannatin kuma suka zama abin gwaji: ana ɗibar jininsu, ana auna bugun zuciyarsu, ana juya su a kujera don a ga yadda kunnensu ke aiki.

Me ya sa babu nauyi?

Kafin mu shiga tashar Mir, ya kamata a gyara wani kuskure da ya zama ruwan dare, har a bakin wasu malamai. Akan ce wai a can sama babu ƙarfin jan ƙasa. Ba haka ba ne. A tsayin kilomita 400, inda irin waɗannan tashoshi suke kewayawa, ƙarfin jan ƙasa yana nan kusan kashi 90 cikin ɗari na yadda yake a nan. In da babu shi, da tashar ta miƙe ta ɓace. Abin da ke faruwa shi ne tashar tana faɗowa ne kullum, amma tana kuma gudu a kaikaice, wajen kilomita 28,000 a sa'a, ta yadda duk faɗowar da ta yi, doron ƙasa ya riga ya lanƙwashe ya kauce mata. Haka take zagaya duniya cikin kimanin minti 90.

A ɗauki misalin guga da aka sa dutse a cikinsa. Muddin igiya tana riƙe da shi, dutsen yana danne gindin gugan. Idan igiya ta tsinke, guga da dutse za su faɗa rijiya tare, da gudu ɗaya, dutsen ba ya danne komai. Ɗan sama jannati shi ne dutsen, tashar ita ce gugan, rijiyar ce kawai ba ta da ƙarshe.

Jikin ɗan Adam kuwa an gina shi ne a kan nauyi. Idan aka ɗauke, jini da ruwan jiki da suka saba taruwa a ƙafafu sai su hau sama, fuska ta kumbura, hanci ya toshe kamar na mai mura, ƙafafu su sirance. Jiki ya ɗauka ruwa ya yi masa yawa, sai ya rage yawan jininsa. A cikin kunne akwai wasu 'yan mitsi-mitsin tsakuwoyi da suke kwance a kan gashi mai jin motsi, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa ina ne sama, ina ne ƙasa. Da sun daina dannawa sai saƙon kunne ya saɓa wa na ido, mutum ya yi ta jiri da tashin zuciya na 'yan kwanaki. Babbar matsalar dai ita ce ƙashi. Ƙashi abu ne mai rai, kullum ana rushe shi ana sake gina shi, kuma ginin yana bin nauyin da aka ɗora masa. A sararin samaniya ƙasusuwan ƙugu da ƙafa da gadon baya sukan rasa kimanin kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari na ma'adininsu a kowane wata. Sinadarin kalsiyam da ya zube yana bi ta fitsari, yana iya zama tsakuwar ƙoda. Tafiyar mako biyu ba ta isa ta nuna iyakar wannan ɓarna ba. Sai an yi watanni.

Zaman Mir

Amurka ba ta da tashar da za a yi irin wannan dogon zama a shekarun 1990. Rasha ce ke da ita, watau Mir, wadda aka harba sashenta na farko a 1986, aka yi ta ƙara mata ɗakuna. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar aiki tare. Lucid, tana da shekara hamsin da 'yan kai, ta zauna ta koyi Rashanci, ta tafi cibiyar horar da 'yan sama jannati da ke kusa da Mosko, inda duk darussa da jarrabawa da Rashanci ake yin su. A ganina wannan bai gaza hawa roka wuya ba.

Ran 22 ga Maris, 1996 kumbo Atlantis ya tashi da ita. A Mir ta tarar da Rashawa biyu, Yuri Onufrienko da Yuri Usachev, ta zauna da su wata biyar, ba a magana da wani harshe sai nasu. Cikin Afrilu sabon ɗaki mai suna Priroda ya iso ɗauke da kayan gwaje-gwaje. Daga cikin ayyukan da ta yi, uku sun cancanci a tsaya a kansu.

Na farko shi ne kyandir. A nan ƙasa harshen wuta yana miƙewa sama ne domin iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, sai ta tashi, sabuwar iska ta shigo ta ƙasa ta ciyar da wutar. A Mir, inda babu mai nauyi babu marar nauyi, iskar ba ta tashi. Da aka kunna kyandir a cikin akwatin gilashi, sai wutar ta dunƙule kamar ƙwallo, shuɗiya, dishi-dishi, tana ci a hankali. Wannan dalili ne ya sa fanka ba ta tsayawa a cikin tasha. In babu ita, iskar da mai barci ya fitar za ta taru a gaban fuskarsa, ya yi ta sake shaƙar ta.

Na biyu ƙwan salwa ne. An tafi da ƙwai 30 masu ɗa, aka sa su a na'urar ƙyanƙyasa. Cikin kwana 16 Lucid ta riƙa ciro su bi da bi, tana tsoma su cikin wani sinadari mai tsayar da girma, domin masana a ƙasa su ga kowane mataki na halittar ɗan tsakon. An kuma ajiye wasu ƙwai irinsu a ƙasa don kwatantawa. Sakamakon da aka samu shi ne kashi 13 cikin ɗari na 'yan tayin Mir suna da naƙasa, fiye da ninki huɗu na waɗanda aka bari a ƙasa. Ɗalibi mai gaggawa zai ce shi ke nan, rashin nauyi yana naƙasa ɗan tayi. Masanan ba su faɗi haka ba. Sun lura cewa na'urar ta yi zafi fiye da kima, ga kuma haskoki masu ratsa jiki da suka fi yawa a can sama. Abubuwa uku ke nan suka bambanta ƙwan sama da na ƙasa, ƙwai 30 kuma ba su da yawa, saboda haka babu halin ɗora laifin a kan ɗaya.

Alkamar da ta yi zangarniya babu ƙwaya

Gwaji na uku shi ne ya fi koyar da mu. In har mutane za su yi tafiyar shekaru, misali zuwa duniyar Mirrihi, ba za a iya ɗaukar musu dukkan abinci da iskar shaƙa daga gida ba. Dole su yi noma. Noma kuwa bai cika ba sai iri ya tsiro, ya yi fure, ya ba da wani irin da za a sake shukawa. A Mir akwai wani ɗan akwatin shuka mai suna Svet, wanda masanan Bulgeriya da na Rasha suka ƙera, mai fitilu da fanka da na'urar ban ruwa. Shi kansa ban ruwan matsala ne, domin ruwa ba ya tsiyayewa ƙasa. Yakan lulluɓe saiwa ya hana ta iska, ko ya taru gefe guda ya bar ta da ƙishi. A Agustan 1996 Lucid ta shuka wata gajeriyar alkama a cikin wannan akwati, bisa tsarin masanan Jami'ar Jihar Utah. Alkama ta tsiro, ta miƙe tana bin hasken fitila, ta yi kore shar. Bayan kimanin kwana 40, dab da komowarta gida, ta ga zangarniya ta fara fitowa. Murna ta cika tashar.

John Blaha, wanda ya gaje ta a Mir, shi ya yi girbi a ƙarshen shekarar. Aka kawo zangarniya wajen 300 ƙasa. Da aka buɗe su, babu ƙwaya ko ɗaya, ƙaiƙayi zalla.

A nan ma amsa mai sauƙi tana kusa: alkama ba ta haihuwa sai da nauyi. Da an karɓi wannan amsa, da an rufe maganar noma a sararin samaniya. Amma masanan suka duba furannin da madubin ƙara girma, suka ga sashen mace lafiyarsa lau, sashen namiji ne bai saki bununi mai rai ba, watau garin furen da ke sa zangarniya ta yi ƙwaya. Sai suka koma ga awon iskar tashar, suka tarar da wata iska mai suna etilin, kimanin kashi ɗaya cikin miliyan. Mutum ba ya jin warinta a wannan adadi, ba ta kuma cutar da shi, shi ya sa na'urorin tace iska na Mir ba su damu da ita ba. Ga tsiro kuwa etilin saƙo ce mai ƙarfi. Ita ce ke nunar da 'ya'yan itace, ta kaɗe ganye, ta tsofar da fure. Mai sayar da ayaba da ke rufe ɗanya a cikin buhu ko rami don ta nuna da wuri, da etilin yake aiki ko bai san sunanta ba. Ayabar ce ke fitar da ita, rufewar kuma ta hana ta watsewa. Mir ta zama babban buhu a rufe.

Zargi dai ba hujja ba ne. Don a tabbatar, sai aka shuka irin wannan alkama a ƙasa, inda nauyi yake cikakke, cikin ɗaki mai etilin daidai da ta Mir. Ita ma ta fito fanko, furanninta da irin lahanin na sama. A 1997 Michael Foale ya shuka wani tsiro dangin kabeji a cikin akwatin Svet, ya sami iri, ya sake shuka shi ya tsiro. A 1998 zuwa 1999 Rashawa suka shuka wani nau'in alkama da ya fi jure etilin, ya ba da ƙwaya a cikin Mir.

Malami zai iya nuna wa ɗalibansa aikin etilin ba tare da ya kashe kuɗi ba. A samo ɗanyen tumatir guda tara masu girma ɗaya, daga gona ɗaya, da tukwane uku iri ɗaya. A sa uku-uku. Tukunya ta farko a ƙara mata nunanniyar ayaba a rufe, ta biyu a rufe ta babu ayaba, ta uku a sa ayaba a bar ta a buɗe. A ajiye su a inuwa guda, a riƙa dubawa kowace safiya ana rubuta launin kowane tumatir. Kafin a fara, a tambayi ɗalibai amfanin tukunya ta biyu da ta uku, da abin da za a kasa sani in an cire ɗayansu.

Komowa

An tsara Lucid za ta dawo a farkon Agusta, amma aka sami matsala a rokokin da ke ɗaga kumbo, sa'an nan mahaukaciyar guguwa ta tilasta a janye kumbon daga dandalin harbawa a Florida. Zaman ya ƙaru da fiye da mako shida. A wannan tsakanin abokan zamanta na farko sun koma gida, Valeri Korzun da Aleksandr Kaleri sun maye gurbinsu. Ta ci gaba da aikinta, tana karanta littattafan da ake aiko mata a kumbon kaya, tana kuma motsa jiki kusan sa'a biyu kowace rana a kan na'urar gudu, an ɗaure ta da igiyoyin roba masu janyo ta ƙasa, don ƙashi da tsoka su ji kamar akwai nauyi.

Ta sauka a Florida ran 26 ga Satumba, 1996, bayan kwana 188. Likitoci sun yi shirin ɗaukar ta a kwance, amma ta fito daga kumbon da ƙafafunta, tana da shekara 53. Babu wata mace ko wani Ba'amurke da ya taɓa yin zama ɗaya mai tsawon haka kafin ita, kodayake likitan Rasha Valeri Polyakov ya riga ya yi kwana 437 a Mir tsakanin 1994 da 1995. A ɓangaren mata, sai a 2007 Sunita Williams ta wuce ta, daga baya Christina Koch ta yi kwana 328 tsakanin 2019 da 2020. A Disambar 1996 Shugaba Bill Clinton ya ba ta lambar girma ta sararin samaniya ta Majalisar Dokokin Amurka, ita ce mace ta farko da ta samu.

Jimillar tafiye-tafiyenta biyar ta kai kwana 223. Ba ta sake tashi ba, amma ta ci gaba da aiki a NASA. Ta riƙe muƙamin babbar masaniyar kimiyya ta hukumar daga 2002 zuwa 2003, sa'an nan ta koma cibiyar kula da tafiye-tafiye da ke Houston, inda ta yi shekaru tana cikin masu magana da 'yan sama jannati ta rediyo, har ta yi ritaya a Janairun 2012. Tashar Mir kuwa an sauko da ita da gangan ran 23 ga Maris, 2001, bayan shekara 15 tana kewaya duniya. Ta ƙone a iska, ragowarta ta faɗa kudancin Tekun Fasifik.